Me Muka Aiki Ɗan Majalisarmu Ya Yi A Kaduna?

Yau ina neman afuwarku, domin zan ɗan janye ku daga labaran soyayya da kishi da muka saba karantawa, zuwa wata magana da ba ta kai su daɗin ji ba, amma kuma ta fi su taɓa tukunyar gidajenmu. Maganar ita ce yadda aka tsara gwamnatin jiha, da kuma yadda mu talakawa muka ɗauke ta. Zan kafa misalina da yankinmu na arewacin Jihar Kaduna, wato Janfalan da sauran garuruwan Ikara, Makarfi da Kudan, sai dai na tabbata mutumin Kano ko Katsina ko Sakkwato zai ga hoton garinsu a ciki.

A yawancin littattafanmu, idan marubuci ya so ya nuna ƙarshen iko sai ya kawo gwamna. Ya ɗaga waya a kama mutum, ya sake ɗagawa a sake shi, ya ba saurayin 'yarsa kwangila kafin azahar. Ban ga laifin marubutan ba, domin kuwa abin da ke zukatan jama'a suka kwaso. A wurin da yawa daga cikinmu gwamnati ita ce gwamna, gwamna shi ne gwamnati. Idan iska ta yaye kwanon makarantar firamare, gwamna ne. Idan taki bai zo da wuri ba, gwamna ne. Idan aka gina rijiyar burtsatse, sai a ce Allah Ya saka wa mai girma gwamna, kamar daga aljihunsa ya ciro kuɗin. Ra'ayina shi ne wannan fahimtar ta cuce mu, domin ita ta sa muka manta da mutumin da doka ta ajiye musamman don ya tsaya mana a kan gwamnan, wato ɗan majalisar dokoki ta jiha, muka mayar da shi mai rabon kuɗin suna da na biki.

Bari mu fara da tsarin kansa. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora gwamnatin jiha a kan duwatsun murhu uku. Na farko shi ne ɓangaren zartarwa, wanda gwamna ke shugabanta daga Gidan Sa Kashim Ibrahim a Kaduna. Ana zaɓensa na shekara 4, kuma ba ya wuce zango biyu. Yawan ƙuri'a kaɗai ba ya ba shi kujera, sai ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jihar, waɗanda a Kaduna guda 23 ne. A ƙarƙashinsa akwai mataimaki, da kwamishinoni masu riƙe da ma'aikatu, da sakataren gwamnatin jiha, da shugaban ma'aikata. A kowace ma'aikata kuma akwai babban sakatare, wanda shi ma'aikacin gwamnati ne da ya hau matakala tun daga ƙasa. Kwamishina baƙo ne, da siyasa ya zo kuma da ita zai tafi, amma babban sakatare da daraktocinsa su ne suka san inda kowane fayil yake kwance. Yawan ma'aikatun ma ba a kan dutse aka rubuta shi ba, domin a 2015 Malam Nasiru El-Rufa'i ya rage su daga 19 zuwa 13.

Dutse na biyu shi ne majalisar dokoki, wadda ke zama a Lugard Hall. Tsarin mulki ya ce majalisar kowace jiha kada ta gaza mutum 24, kada kuma ta haura 40. Tamu ta Kaduna tana da 34, kuma Ikara da Makarfi da Kudan kowace na da kujerarta guda. Dutse na uku shi ne ɓangaren shari'a. Akwai Babbar Kotun Jiha ƙarƙashin babban joji, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ƙarƙashin alƙalin alƙalai, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Al'ada. A can ƙasa kuwa akwai kotunan majistare, da kotunan shari'ar Musulunci, da na al'ada. Waɗannan biyun na ƙarshe a zamanin Alhaji Ahmed Muhammad Makarfi, ɗan wannan yanki namu da ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, aka kafa su a 2001 a madadin tsofaffin kotunan yanki, bayan mummunan rikicin shari'a na shekarar 2000 da ya ci rayuka masu yawa a Kaduna.

To mai karatu, me ya sa na ware majalisa a cikin ukun nan? Saboda abin da doka ta damƙa mata. Gwamna ba shi da ikon taɓa ko kwabo daga baitulmalin jiha sai majalisa ta amince da kasafin kuɗi. Ba ya naɗa kwamishina sai majalisa ta tantance shi ta yarda, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2023 dole ne ya miƙa sunayen cikin kwana 60 da rantsar da shi. Idan majalisa ta yi doka gwamna ya ƙi sa hannu har kwana 30 suka wuce, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa na iya sake zartar da ita ta zama doka ba da hannunsa ba. Majalisa na da ikon kiran kwamishina ko shugaban kowace hukuma ya zo ya yi bayanin yadda ya kashe kuɗin jama'a. Rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha ma, wanda ke bin diddigin asusun kowace ma'aikata, gaban majalisa ake kai shi. Daga ƙarshe, sashe na 188 ya ba ta ikon tsige gwamnan kansa. Jama'a, wanda ke riƙe da waɗannan makullai shi ne muke tarewa a ƙofar gida da katin ɗaurin aure.

Kada wani ya ce ai wannan duk a takarda ne. A wannan jiha tamu aka fara gwada shi a Nijeriya. A 1979, lokacin Katsina na cikin Jihar Kaduna domin sai a 1987 aka raba su, talakawa suka zaɓi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya zama gwamna, amma NPN ce ta kwashe mafi yawan kujerun majalisa. Duk lokacin da ya aika da sunayen kwamishinoni sai majalisa ta yi watsi da su, har ya yi kusan shekara biyu yana mulki ba kwamishina ko ɗaya. A ranar 23 ga Yunin 1981 suka tsige shi, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya hau kujerar. Shi ne gwamnan farar hula na farko da aka tsige a ƙasar nan. Ni ba na cikin masu yabon abin da waccan majalisa ta yi, domin a ganina gabar jam'iyya ta fi kishin talaka yawa a cikinsa. Amma darasin a fili yake, majalisar jiha ba kyanwar Lami ba ce. Tana da haƙora, sai dai a tambayi don wa take cizo.

Yanzu mu dawo kusa. A watan Maris na 2018 majalisar dattawa ta ƙi amincewa da bashin dala miliyan 350 da gwamnatin Kaduna ta nema daga Bankin Duniya, bayan sanatocin jihar su uku sun ƙi goyon bayansa. Cikinsu akwai Sanata Suleiman Hunkuyi, mutumin Kudan, wanda ke wakiltar shiyyarmu a lokacin. Bayan zaɓen 2019 sabuwar majalisar dattawa ta amince da bashin. A watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya fito ya ce ya gaji bashin dala miliyan 587, da naira biliyan 85, da kwangiloli 115 da ba a gama biya ba. A watan Yunin wannan shekarar kuma wani kwamitin majalisar dokoki ta jiha ya fitar da rahoton da ya zargi gwamnatin da ta gabata da almundahanar naira biliyan 423. Malam Nasiru ya musanta zargin, ya kuma garzaya kotu.

Ba hurumina ba ne in yanke hukunci a kan wanda ke da gaskiya, wannan aikin dutse na uku ne. Tambayata ga majalisar ce. Shekara 8 aka yi ana kawo mata kasafin kuɗi duk shekara tana amincewa, ana kuma ajiye mata rahoton mai binciken kuɗi. Idan akwai ɓarna, me ya hana a ji ta bakinta a lokacin da kuɗin ke fita? Idan kuma babu, me ya kawo wannan ƙara daga baya? Ko ta wace fuska aka duba, majalisar da ba ta iya buɗe baki sai gwamna ya sauka ihu bayan hari kawai take yi. Kuma bashin nan ba gwamna ne zai biya shi daga gonarsa ba. Daga kason jihar ake cire shi, wato daga kuɗin da ya kamata ya zama maganin asibitin Ikara, ko allon makarantar Gubuchi, ko kwalbatin hanyar da manomin rake zai bi ya kai kayansa kasuwar Makarfi.

Wani abin da ya kamata mu sani shi ne ba kowace matsala ce ta gwamnatin jiha ba, kuma wanda bai san ƙofa ba sai ya kwana yana buga bango. Babban titin Zariya zuwa Kano da ya ratsa ta Tashar Yari na gwamnatin tarayya ne. 'Yan sanda ma na tarayya ne, kwamishinansu na jiha a ƙarƙashin sufeto janar na Abuja yake, duk da cewa ana kiran gwamna shugaban tsaro na jiharsa. Makarantun sakandare da manyan asibitoci da jami'ar jiha, wadda aka kafa a 2004, na gwamnatin jiha ne. Makarantar firamare kuwa haɗin gwiwa ce, hukumar SUBEB ta jiha ke kula da ita, akwai sakataren ilimi a kowace ƙaramar hukuma, albashin malamai kuma daga kason ƙananan hukumomi yake fita. Kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da ƙananan hanyoyin cikin gari, tsarin mulki ya lissafa su cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Saboda haka mutumin Janfalan yana da kansila na mazaɓarsa, da ciyaman a Ikara, da ɗan majalisar jiha a Kaduna, da ɗan majalisar wakilai na Ikara da Kubau a Abuja, da sanatan Kaduna ta Arewa. Mutanen Makarfi da Kudan su kuma kujera ɗaya suka haɗa a majalisar wakilai. Mutum biyar ke nan bayan gwamna da shugaban ƙasa, kowanne da aikinsa, kowanne da albashinsa daga dukiyar jama'a.

Maganar ƙananan hukumomi tana buƙatar a ɗan tsaya a kanta, domin nan ne gwamnatin jiha ta fi danne na ƙasa da ita. An ƙirƙiro su a 1976 don a kawo mulki kusa da talaka, kuma Ikara na cikin na farko a tsohuwar Jihar Kaduna. Daga cikinta ne aka fitar da Makarfi da Kubau, daga Makarfi kuma aka fitar da Kudan, mai hedkwata a Hunkuyi. A rabon arzikin ƙasa na wata-wata, tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Wannan ba ƙaramin kaso ba ne. Sai dai tsarin mulki ya ce kuɗin ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma ta wannan ƙofa ce gwamnoni a faɗin ƙasar nan suka daɗe suna riƙe wuyan ciyamomi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa doka. Hukunci ne mai kyau, amma mu tuna cewa hukumar zaɓe ta jiha, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta, ita ke shirya zaɓen ciyamomi. A 2018 da 2021 Kaduna ta yi zaɓen da na'ura, har 'yan adawa suka ci wasu ƙananan hukumomi. A zaɓen Oktoban 2024 aka koma takarda, jam'iyya mai mulki ta lashe kujerun ciyaman 23 da na kansila 255 baki ɗaya. Dokar da ta tsara wannan zaɓe, da dokar da ta tsara ƙananan hukumomin kansu, wa ke yin su? Majalisar dokoki ta jiha. Ka ga mun sake dawowa ƙofar wanda muka aika Lugard Hall.

Haka abin yake ga sarautun gargajiya. Mu a nan ƙasar Zazzau muke, muna girmama mai martaba sarki da hakimai da dagatai da masu unguwanni, kuma har gobe su ne farkon wanda talaka ke kai wa kuka. Amma tsarin mulkin 1999 bai ba su wani gurbi a cikin duwatsun nan uku ba, a ƙarƙashin dokar jiha suke. Shi ya sa a 2017 gwamnati ta iya rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77. Shi ya sa kuma bayan rasuwar Mai Martaba Alhaji Shehu Idris a 2020, sai da gwamna ya sa hannu kafin Malam Ahmed Nuhu Bamalli ya hau gadon sarauta. Hakimi zai iya isar da kukanka, amma ba shi da ƙuri'a a ranar da ake amincewa da kasafin kuɗi.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce malam, kana magana kamar ba ka san halin da ake ciki ba. Wanda matarsa ke naƙuda ba shi da kuɗin mota zuwa Zariya, ina ruwansa da rahoton mai binciken kuɗi? Dubu goman da ɗan majalisa zai ba shi a yau ta fi masa duk wani sashe na tsarin mulki. Wannan gaskiya ne, kuma ba na zargin mabuƙaci don ya nemi taimako. Za su kuma ce ai ɗan majalisar ma ba mu muka tsayar da shi ba, manyan jam'iyya ne suka ba shi takara da yardar gwamna, don haka dole ya yi wa uban gidansa biyayya. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Amma mu duba ɗaya gefen. Ɗan majalisar da ya san cewa da yawan kyautarsa kaɗai za a auna shi, dole ya nemi inda kuɗin kyautar zai fito, kuma babu inda zai fito sai wurin wanda aka aike shi ya sa wa ido. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Dubu goman nan da muka karɓa, sau da yawa ita ce kuɗin asibitin da da an gyara shi ba sai an kwashi mai naƙuda zuwa Zariya ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

To mene ne abin yi? Ba wani abu ne mai wuya ba. Na farko, kasafin kuɗin Jihar Kaduna ba asiri ba ne, ana wallafa shi a intanet, ana kuma yin taron jin ra'ayin jama'a kafin a miƙa shi majalisa. Kowace mazaɓa tana da matasa masu ilimi da wayoyi a hannu. Ƙungiyar ci gaban gari ta ɗora wa mutum biyu ko uku aikin zaƙulo duk abin da aka rubuta da sunan garinsu a kasafin bana, su fassara shi da Hausa, a karanta a dandali ko bayan sallar Juma'a da izinin liman. Idan an rubuta aji biyu da rijiya, kowa ya sani, kowa ya zuba ido.

Na biyu, idan ɗan majalisa ya zo gida, a samu dattawa da matasa da wakilan mata su zauna da shi cikin mutunci, su ce ranka ya daɗe, a wane kwamiti kake? Wace doka ka kawo ko ka mara wa baya? Kamfanin tumatir na Ikara da aka gina da kuɗin jama'a, wanda ya sha tsayawa alhali manoman Ikara da Kudan na zubar da tumatir a lokacin kaka, ka taɓa tashi a zauren majalisa ka yi tambaya a kansa? Aikin da aka rubuta mana bara, nawa aka saki, wa aka ba kwangilar? Wanda ya san za a yi masa waɗannan tambayoyi duk zuwa, zamansa a majalisa zai sauya.

Na uku, mu riƙa rubuta kokenmu. Takarda mai kwanan wata da sa hannun mutum ɗari, wadda aka kai ofishin da ya dace aka karɓo shaidar an karɓa, ta fi shekara guda ta gunaguni a teburin mai shayi. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa ta hau kan jihohi ma. Haka nan sashe na 110 ya ba masu zaɓe damar yi wa ɗan majalisa kiranye idan fiye da rabin masu rajista a mazaɓar suka sa hannu. Hanya ce mai wahala, yunƙurin da aka yi a kan Sanata Dino Melaye a Kogi a 2018 ma bai kai ko'ina ba. Amma kiranyen da ya fi sauƙi shi ne na ranar zaɓe, idan muka daina dangwala wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa ba tare da duba wanda ke kan kowace kujera ba.

Ga 'yan uwana marubuta kuma, ga fage a buɗe. Muna da labarin 'yar gwamna da ɗan minista har sun ishe mu. Ina labarin malamin makarantar da ya tsaya sai ya ga inda kuɗin ginin ajinsa ya maƙale, ko na matashiyar akanta da aka kawo wa takardar bogi ta sa hannu, ko na ɗan majalisar da ke tsakanin uban gidansa da mutanen garinsu? Akwai soyayya da kishi da cin amana a cikin waɗannan ma, kuma mai karatu zai rufe littafin ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Rashin sani ya fi dare duhu. Waɗanda suka tsara gwamnatin jiha sun raba ikon gida uku ne don kada ya taru a hannun mutum ɗaya, ko da kuwa mutumin kirki ne, domin mutumin kirki ma yana bukatar mai ce masa a'a. Mu ne muka tattara shi da bakinmu muka miƙa wa gwamna, sannan muka zauna muna jiran tausayinsa. Kafin zaɓe mai zuwa, kowa ya tambayi kansa ko ya san sunan ɗan majalisar jiharsa, da abin da ya faɗa a zauren majalisa cikin shekarun da ya yi a can.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya ba mu ikon tambayarsu cikin ladabi da gaskiya, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Sai na ji ra'ayoyinku.